Yadda Zaka Bi Sawun Sunan Buldoza Da Katafila Har Ka Iske Inda Suka Fito

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shantiye a Maradi, ko lokacin ayyukan Maradi Kolliya na 2015 da aka yi ta fasa hanyoyi cikin gari, ko kan hanyar Dan Issa in ana gyaranta, ya san yadda muke kiran manyan injinan nan: katafila, buldoza, gireda, tifa, foklan. Muna faɗinsu kamar da su aka haife mu, amma ka tambayi direban da kansa mi ake nufi da buldoza, zai ce maka ai sunan motar kenan, shikenan. To ba shikenan ba ne. Kowane suna daga cikinsu shina da tarihi, kuma wanda ke da waya da ɗan forfe na intanet zai iya tono shi da kansa ba sai ya je jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba. Ga yadda ake yi, zan yi amfani da buldoza da katafila a matsayin misali tunda su ne labarinsu ya fi nauyi.

Abu na farko, maida kalmar zuwa siffarta ta asali kafin bakin Bahaushe ya gyara ta. Nan ne mutane da yawa ke ɓata tun ba a je ko'ina ba, don in ka rubuta katafila a Google ba abin da zaka samu sai labaran rushe-rushen gidaje. Sai ka san dokokin da harshenmu ke bi in ya ari kalma. Ba mu da harafin p, muna maida shi f, mu nan ma f ɗin kan koma h, shi ya sa zaka ji dattijon ƙauye ya ce katahila kamar yadda muke cewa tahi. Ba ma son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani, sai mu cusa musu, grader ta zama gireda, driver ya zama direba. Sannan ƙarshen kalma mai -er kan koma -a. Juya waɗannan dokokin baya sai katafila ta ba ka caterpillar, tifa ta ba ka tipper, buldoza ta ba ka bulldozer, foklan ta ba ka Poclain. In ka kasa juyawar, je ka duba jikin injin ɗin, sau da yawa sunan na rubuce a gefe da manyan haruffa.

Na biyu, tambayi kanka ta wace ƙofa kalmar ta shigo mana, kuma wannan mu 'yan Maradi mun fi kowa buƙatar yinta don ƙofofinmu biyu ne. Akwai ta Faransanci, ta lakwal da biro da gwamnati, ita ta ba mu kamiyo da shantiye da gudro da gazwal. Akwai ta Najeriya, ta Jibiya da Katsina da Kano, inda direbobi da makanikai da 'yan kasuwa ke kai da komo tun kaka da kakanni. Ƙarshen kalmar zai gaya maka. Bafaranshe in zai ce bulldozer sai ka ji r ɗin ƙarshe ta fito, Baturen Ingila kuwa haɗiye ta yake yi, shi ne abin da 'yan Najeriya suka gada, don haka buldoza mai ƙarewa da -a ta kudu ta biyo. Foklan kuwa sunan kamfanin Faransa ne, Poclain, wanda Georges Bataille ya kafa a yankin Oise arewa da Paris, suka yi suna da injin haƙa mai aiki da matsin mai tun shekarun 1950, har sunan ya zama na kowane injin haƙa a ƙasashe da dama ko da wani kamfani ne ya ƙera shi. Amfanin sanin ƙofar shi ne ka san ƙamus ɗin da zaka buɗe, kar ka je neman kalmar Ingilishi a wurin Faransawa.

Yanzu sai ƙamus, amma ba kowane ba. Ƙamus ɗin 'yan lakwal ma'ana kawai yake ba ka, kai kuma shekara kake nema, wato yaushe aka fara ganin kalmar a rubuce kuma da wace ma'ana. Na Ingilishi akwai Oxford English Dictionary wanda aikinsa kenan jera ma'anoni bisa shekarunsu, sai dai cikakkensa na kuɗi ne. Merriam-Webster kyauta ne kuma shina nuna shekarar da aka fara amfani da kalma, haka Etymonline. Na Faransanci akwai shafin CNRTL, shi ma kyauta, ka danna sashen asalin kalma. Na Hausa kuwa ƙamus ɗin Bargery na 1934 shina kan intanet, in kalma tana ciki ka san ta shigo Hausa kafin wannan shekarar. Ka buɗe aƙalla biyu ka gwada su, in sun yi daidai ka ci gaba, in sun saɓa ka rubuta duka biyun ka ajiye.

To mu gwada da buldoza, ka ga abin da shekara ke tonowa. Kalmar ta bayyana a jaridun Amurka a 1876, kuma a lokacin babu wani inji mai ture ƙasa da ake kira haka, tarakta mai sarƙa ma ba ta shiga kasuwa ba tukuna. Buldoza mutum ne. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865 aka soke bauta, a 1870 aka gyara tsarin mulki aka hana tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa, baƙaƙen da aka 'yanta a jihohin kudu suka fara zaɓe da yawansu kuma galibinsu jam'iyyar Republican suke yi wa, ita ce ta shugaba Lincoln da ya jagoranci soke bautar. Zaɓen shugaban ƙasa na 1876 tsakanin Rutherford Hayes da Samuel Tilden ya zo da zafi sosai, a jihar Louisiana wasu gungun fararen fata suka riƙa bin baƙaƙe gida-gida da dare suna yi musu bulala, suna tsoratar da su, wasu ma kashe su aka yi, don dai kar su fito ranar zaɓe. Waɗannan 'yan ta'addar su aka kira bulldozers, aikin nasu kuma bulldoze, a wasu jaridun ana rubuta shi bulldose da s. Wannan s ɗin ita ce mabuɗi. Bull bijimi ne, dose kuma shi ne adadin maganin da likita ke ba marar lafiya, bayanin da masana suka fi karɓa shi ne ana nufin a ba mutum kason duka irin wanda bijimi ne kawai zai iya ɗauka. Ni dai tun da na san wannan ban ƙara jin kalmar da sauƙi kamar da ba, musamman in na ji ana yi wa ɗan siyasa kirari da buldoza ana ganin yabo ne.

Daga nan sai ka bi ma'anar tana sauka mataki-mataki, kar ka yi tsalle daga 1876 zuwa yau. Bayan mutum mai tsoratarwa, an kira wata babbar bindigar hannu da sunan. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare an kira injin masana'anta mai lanƙwasa ƙarfe da ƙarfin tsiya da shi. Sai ya koma kan faffaɗan allon da ake kafawa gaba ana ture ƙasa da shi, wanda da farko alfadarai da dawaki ke turawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne turewa da ƙarfi ba lallashi. Kuma lura da wani abu da ko makanikai da yawa ba su sani ba, a asali buldoza sunan faifan ƙarfen gaban ne kawai, motar da ke tura shi tarakta ce, sai daga baya, musamman bayan yaƙin duniya na biyu da sojojin Amurka suka yi ta share filayen jirgi da su, sunan ya rufe injin gaba ɗaya.

A nan akwai wani rami da zaka kiyaye. Da ka fara bincike zaka ci karo da sunayen James Cummings da J. Earl McLeod, manomi da mai zanen injina a garin Morrowville na jihar Kansas, waɗanda suka haɗa tarakta da faifan ture ƙasa a 1923, aka ba su takardar mallakar ƙirƙira ranar 6 ga Janairu 1925, lambarta 1,522,378, zaka iya buɗe ta a Google Patents ka ga zanen da idonka. Gaskiya ne sun yi aikin, amma wanda ya ƙera abu daban, wanda ya raɗa suna daban. Kalmar ta girme injinsu da kusan shekara 50, kuma taken takardar tasu ma Attachment for Tractors ne, wato abin liƙawa jikin tarakta. Duk rubutun da ya ce maka su suka ƙirƙiro kalmar, rufe shi ka wuce.

In kana son ka gani da idonka ba ƙamus ya gaya maka ba, babban ɗakin karatu na majalisar Amurka shina da rumbun tsoffin jaridu kyauta mai suna Chronicling America. Rubuta bulldozed ko bulldozers, ka taƙaita shekarun daga 1876 zuwa 1877, zaka ga shafukan jaridun lokacin yadda aka buga su. Hotunan na da nauyi suna cin mega, gara ka bari sai dare ko inda ka samu wifi. Akwai kuma Google Ngram da ke zana maka layin yadda kalma ke yawaita a littattafai shekara bayan shekara, shina aiki da Ingilishi da Faransanci, babu Hausa a ciki. Amma shi lissafi kawai yake yi bai san ma'ana ba, buldozan 1880 da na 1950 duk ɗaya ne a wurinsa, kai ne zaka buɗe misalan ka rarrabe.

Katafila hanyarta daban ce, ita sunan kamfani ce da ya cinye sunan abu, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo a bakinmu kowane ɗanɗanon miya ya zama magi. Shi ya sa zaka ga injin Komatsu na Japan ko Shantui da Sany na Sin a shantiye, yaro ya nuna ya ce ga katafila, ba wanda zai ce ya yi kuskure. In ka gane kalma sunan kamfani ce to binciken ya zama hawa biyu, na farko mi ya sa kamfanin ya ɗauki sunan, na biyu mi sunan ke nufi kafin kamfanin.

Hawa na farko: Benjamin Holt, mai ƙera injinan noma a garin Stockton na jihar Kaliforniya. Ƙasar wajen tana da laushi, irin ta bakin kogi mai danshi, taraktocinsa masu aiki da tururi kuwa nauyi gare su, sai su riƙa nutsewa. An gwada faɗaɗa ƙafafun har suka yi faɗin da ya wuce hankali bai yi ba. Sai ya cire ƙafafun baya ya sa sarƙa mai ɗauke da katakai wadda ke zagayawa, injin na shimfiɗa wa kansa hanya shina takawa shina naɗewa, nauyin ya bazu kan fili mai faɗi maimakon ya taru wuri ɗaya. An gwada shi ranar 24 ga Nuwamba 1904. Mai ɗaukar hoton kamfanin, Charles Clements, shi aka ruwaito ya ce abin na rarrafe kamar caterpillar, wato tsutsar nan mai cin ganye da ke zama malam-buɗe-littafi. Holt ya riƙe sunan ya yi masa rajista a 1910. A 1925 kamfaninsa ya haɗe da na abokin gasarsa C. L. Best suka zama Caterpillar Tractor Company, suka daɗe da hedikwata a Peoria ta jihar Illinois. Ruwan ɗorawan da muka san su da shi ma ba da shi suka fara ba, launin toka ne, a 1931 suka canja don a riƙa hango injin daga nesa a kan hanya.

Hawa na biyu shi ne mai daɗin, kuma nan ne sanin Faransancinmu ke yi mana rana. Ita kanta caterpillar ba asalin Ingilishi ba ce, daga tsohon Faransancin arewa ta shiga, na Normandi, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066 suka zuba wa harshen kalmomi ba adadi. Siffarta catepelose, cate kyanwa, pelose mai gashi, kyanwa mai gashi kenan, duk wanda ya taɓa ganin gizaka da damina ya san dalili. Su kuma Faransawan yau chenille suke ce wa tsutsar, kuma chenille ɗin suke ce wa sarƙar ƙafar katafila da ta tankar yaƙi, in ka duba CNRTL zaka ga ta fito daga Latin canicula, ƙaramar karya. Wato Ingilishi ya kalli tsutsa ya ga kyanwa, Faransanci ya kalle ta ya ga kwikwiyo, mu kuma muka karɓi sunan ba tare da tsutsar ba, ba Bahaushen da zai ga tsutsa a ganyen wake ya ce katafila.

Wannan kwatanta harsuna biyu ka maida shi al'ada, don shina tabbatar maka da bayani ko ya rushe shi. Injin ɗaga kaya sama mai dogon wuya Turawan Ingila crane suke ce masa, kuma crane tsuntsu ne dangin gauraka. Kana iya cewa dace ne kawai, sai ka duba Faransanci ka iske grue, shi ma tsuntsun ne shi ne injin, tsoffin Girkawa ma da geranos suke kiran su biyun. Harsuna uku ba za su yi dace iri ɗaya ba, dogon wuyan ne kowa ya gani. Buldoza kuwa Faransawa ba su da tasu ta gado, hukuma ta ƙago bouteur tana son a riƙa amfani da ita, amma je shantiye ka ji wa ke faɗinta, kowa bulldozer ko bull yake cewa.

Wasu sunayen kuma na mutane ne, ka riƙa sa wannan a rai in kalma ta ƙi fasuwa gida biyu. Dogon ƙarfen da ke tsaye kan rijiyar man fetur irin na Agadem derrick ake ce masa, daga Thomas Derrick, hauni ne mai rataye mutane a Tyburn ta London wajen shekarar 1600, sunansa ya koma kan gumagumen ratayar, daga nan ya koma kan duk abin ɗaga kaya mai igiya da ƙarfe tsaye. JCB da ake gani jikin wasu injinan haƙa haruffan sunan Joseph Cyril Bamford ne da ya kafa kamfanin a Ingila a 1945. Dizal daga Rudolf Diesel. Komatsu sunan gari ne a Japan inda aka kafa kamfanin a 1921. Ko kwaltar da injinan ke shimfiɗawa tana da nata, kwalta daga coal tar ce ta hanyar Najeriya, gudro daga goudron ta hanyar Faransa, goudron ɗin kuma daga Larabci qatran, ka ga kalma ta bar Larabawa ta zaga ta Turai sannan ta sauko mana.

Sai batun labaran ƙarya, waɗanda suka fi na gaskiya daɗin ji shi ya sa suke yawo a WhatsApp. Alamominsu sanannu ne. In aka ce maka tsohuwar kalma haruffan farko ne na wata doguwar jimla, kusan kullum ƙirƙira ce, don wannan salon raɗa suna bai yaɗu ba sai ƙarni na 20, JCB ta tsira ne saboda mutumin da kamfanin duk a rubuce suke. In bayanin ba shekara ba sunan jarida ko littafi, sai "an ce wani Bature", ajiye shi. In an fasa kalma an ɗauki ma'anar yau an liƙa mata, shi ma, misali wani zai ce doze gyangyaɗi ne a Ingilishi don haka buldoza bijimi mai barci ne, alhali tsohon rubutun da s ya nuna ba daga nan take ba. Akwai kuma namu na gida, masu son maida kowace kalmar Turanci Hausa ko Larabci saboda sauti ya yi kama. Kamar sauti ba hujja ba ce sam, sai ka nuna hanyar da kalmar ta bi da lokacin da ta bi ta, kamar yadda aka nuna ta qatran.

Ɓangaren da intanet ba zai taimake ka ba shi ne na ƙarshen tafiyar, wato yaushe kalmar ta iso Maradi kuma bakin wa ta fara shiga. Wannan sai ka tashi ka je wurin tsoffin direbobin manyan injina da makanikan garaji da waɗanda suka yi aikin hanya a zamanin da, ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce Baba don Allah lokacin da kuka fara aiki mi kuke ce wa wannan injin. Kar ka faɗi sunan da kanka tukuna, nuna hoto a waya ka bari shi ya faɗa, in ka riga shi zai maimaita naka ne kawai don ya faranta maka. Tambaye shi wa ya koya masa aikin, ɗan Najeriya ne ko Bafaranshe ko ɗan ƙasa, a wane shantiye, zamanin wane shugaba, Diori ko Kountché ko bayansu, don tsofaffi ba su cika riƙe shekara ba amma ba sa manta zamanin mai mulki. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya. Kuma ka rubuta kalmar yadda ya furta ta, katahila ko katafila ko katapila, kar ka gyara masa, bambancin furucin shi kansa bayani ne kan ƙofar da ta shigo.

Ka yi haka da mutum fiye da ɗaya, wani a Sabon Gari wani a Tibiri wani a Madarunfa ko Dan Issa kusa da iyaka, zaka ji inda foklan ta fi ƙarfi da inda ake cewa eskabeta irin ta Najeriya, inda ake cewa tifa da inda ake cewa kamiyo ben. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, shina tara ma'aikata da injinan da wasu ba mu saba gani ba, duk wanda ke da ɗan'uwa a cikin aikin ya tambaye shi sunayen da suke kiran injinan tun yanzu ya rubuta da kwanan wata.